'Yar Italiya da Jirgin Surukina

Shekaru sun shuɗe, abubuwa da yawa na zaman ƙasar nan sun gushe daga kaina, amma akwai wata Asabar ta lokacin zafi da na san ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Ita ce ranar da na ɗauki surukina zuwa filin jirgi a cikin tsohuwar motata 'yar Italiya, wadda kowa a cikin jama'armu ta Greensboro ya san ba ta da alƙawari.

Bari in fara da motar, don ita ta haɗa komai. Aikina tuƙin bas ɗin 'yan makaranta ne. Daga Litinin zuwa Juma'a ina saman wata doguwar mota rawaya mai nauyin tsiya, ina tafiya a hankali, ina tsayawa a kowace kwana da kowane layin dogo, yara suna ta surutu a bayana. Ban raina aikin ba, da shi nake ci da iyalina. Sai dai wanda ya yini yana jan bas, idan ya ga ƙaramar mota mai kujera biyu, koriya mai duhu, kwance dab da ƙasa, an zuge mata rufi, dole zuciyarsa ta motsa. Haka ta same ni wata rana da na bi ta Sedgefield, na gan ta a ƙofar wani gida kusa da filin golf, an jingina mata kwali cewa ta sayarwa ce.

Mai ita wani tsohon Bature ne da gwiwoyinsa suka daina yarda ya shiga ya fita. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce motar ta girme manyan 'ya'yansa, tana ɗigar baƙin mai, fitilunta kuma suna yin abin da suka ga dama idan an yi ruwa. Sannan ya gaya mini manyan halayenta guda biyu. Idan inji ya yi zafi aka kashe ta, sitata ba ta ƙara juyawa sai ta huce sarai, kuma ita kaɗai ta san lokacin hucewarta. Idan kuwa aka bar ta a silo, wato a kunne tana tsaye, har ta daɗe, sai lagireto ya tafasa. Shawararsa ita ce in riƙa ajiye ta a kan gangara, in ta ƙi tashi sai in sake ta ta gangara in tayar da ita da giya. Duk na ji, na kuma gyaɗa kai, amma gaskiya hankalina yana wurin ƙarar injin da ya tayar mini a lokacin.

Ba zan yi wa motar nan ƙarya ba, ta ba ni daɗin da babu wata mota da ta taɓa ba ni. Ranar Lahadi da safe in na fita bayan gari, rufi a zuge, iska tana kaɗa mini fuska, sitiyarin katako a hannuna, nakan ji kamar an sauke mini kayan mako guda daga kafaɗa. Ba ta da rediyon kirki, ba ta da na'urar sanyi, cikinta ƙanshin tsohuwar fata ne da fetur, amma in ta shiga kwana sai ka ji tana sauraren hannunka. A danja mutane kan sauke gilashi su tambaye ni shekarunta. Abin da ta ci a gareji kuwa ba zan faɗa ba, don matata tana karanta Hausa. Kayan gyaranta ma sai an aika nesa, a yi ta jira. Gidanmu na Glenwood ƙarami ne, tsoho, amma Allah ya sa mashigarsa gangara ce, don haka da wuya halinta na ƙin tashi ya kunyata ni a gida. Matata ta sa mata suna majinyaciya. Dattawanmu kuma bayan sallar Juma'a sukan tambaye ni ya jikinta, da fuska a ɗaure kamar gaisuwar mara lafiya ta gaske.

A shekarar da nake magana mahaifin matata ya zo mana daga zangon Kumasi. Dattijo ne siriri, mai farin gemu, ba ya fita sai da babbar riga, ko da Turawan unguwa suna yawo da gajeren wando. Ni da shi akwai kunyar surukuta irin ta gida, wadda jirgi bai iya rage mata nauyi ba. Wata da watanni muna gida ɗaya, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In ya shigo falo sai in tuna ina da aiki a waje. Gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ni a durƙushe, shi yana kallon gefe, sauran magana duk ta bakin matata take bi. In yana son a kai shi masallaci, sai ya ce mata ko mijinta zai fita yau, alhali ina tsaye a ƙofa da makulli a hannu. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a lokacin haka na ga iyayena suna yi, haka na san ladabi.

Ga abin da ya sa ranar ta yi nauyi. Lokacin da Baba ya shigo ƙasar an ba shi wa'adin zama, matata kuma don son ta more shi har ƙarshe sai ta saya masa tikitin komawa na ranar ƙarshe ta wa'adin. Masu sanin harkar sun ja mata kunne cewa in ya wuce ko da kwana ɗaya ne, bizarsa za ta lalace, kuma samun wata ga dattijo irinsa ba tabbas. Ta ce ai jirgi ba zai gagare mu ba, filin jirgin yana bakin gari. A lokacin tana da cikinmu na fari, bayan doguwar jira. Mahaifiyarta ta rasu, nawa iyayen ma duk sun rasu, Baba kaɗai ya rage a cikin kakanni. Burinta guda ne, ya koma lafiya cikin wa'adi, don ya samu damar dawowa ranar suna.

Tun zuwansa na lura da yadda yake kallon 'yar Italiya. Da safe yakan fito da tasbihinsa ya zagaya ta, wani lokacin ya sa gefen rigarsa ya share ƙurar madubi. Daga baya matata ta kawo mini labarin. Yana saurayi, wani obroni, wato Bature, ɗan kwangilar katako yana da irinta a Kumasi, shi da abokansa sukan bar abin da suke yi su je bakin titi don kawai su ga wucewarta. Ya ce sau ɗaya ya taɓa ta, mai gadi ya kore shi. Na so in zagaya da shi, amma matata ta hana, ta ce ba za a bar mata uba a gefen hanya ba. Shi kuma bai nema ba, har ranar tafiya. Da safen nan, ana ɗaure jakunkuna, sai ya ce wa 'yarsa, cikin muryar da ba a yi mata musu, ita ta wuce filin jirgi da kaya a babbar motar gida, shi zai bi mijinta a ƙaramar, su biya su yi sallama da mutane.

Matata ta ja ni kicin ta yi mini magana ƙasa-ƙasa. Ta ce gida biyu kawai, kar in kashe motar ko'ina, kar in bari a zaunar da shi cin abinci. Fasfonsa ma ta riƙe a jakarta. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, akwai lokaci mai yawa, kuma gaskiya akwai. A raina kuwa murna nake yi, don na daɗe ina son dattijon nan ya ji abin da nake ji a cikin motar.

Shigarsa kanta aiki ce. Sai da ya tattare babbar rigarsa ya ɗora a cinya, ya zauna kamar mai zama a tabarma, gwiwoyinsa suna kusa da haɓarsa. Da muka hau titi na ɗan taka totur, sai ya sa hannu ya dafe hularsa. Na saci kallonsa, na ga yana murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Sai da muka sha wata kwana na ji ya ce wa kansa, a hankali, ashe haka take a ciki.

Gidan farko yana kan tudu, na kashe ta ba fargaba, da muka fito na sake ta ta gangara ta kama. Gida na biyu filinsa a shimfiɗe yake, don haka na bar ta a silo na tsaya daga bakin ƙofa ina gaisuwa, ido ɗaya a kan allurar zafi. Antin gidan ta tsokane ni, ta ce wane irin suruki ne wannan, ya bar mota a kunne kamar direban trotro, motar hayar nan ta gida, mai neman fasinja. A wurinmu kuwa ba ƙaramar magana ba ce, don barin mota a kunne a ƙofar mutum tamkar gaya masa ne ba ka zo zama ba. Na yi dariya na shanye. A nan ne, ana cikin addu'ar tafiya, maigidan ya ambata cewa jiya da yamma an dawo da Alhaji gida daga asibiti, likitoci sun ce sun yi iyakar nasu.

Alhajin nan ba sai an faɗi sunansa ba a cikinmu. Shi ne mai masaukin duk wanda ya iso garin daga zango ba shi da kowa. Ni kaina a ɗakin bayan gidansa na kwana lokacin da na zo, tuwon matarsa na ci har na samu aiki, kuma shi ya tsaya mini a matsayin uba da na nemi aure. Da shi da Baba kuwa tare suka tashi, layi ɗaya, makarantar allo ɗaya. Gidansa yana McLeansville, gabas da gari, filin jirgi kuma yana yamma. Da muka koma mota Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, mu je wurin Alhaji. Na duba agogo. In mun je mun gaisa a tsaye mun juyo, za mu isa, amma ba da sauran lokaci ba. Na juya kan mota gabas.

Gidan Alhaji yana can cikin fili, an bar kwalta an bi doguwar hanyar tsakuwa wadda ta ɗan gangara zuwa ƙofar gidan. Ma'ana, in ka isa, babu sauran gangara a gabanka, hawa ne a bayanka. Na tsaya, allurar zafi ta riga ta haura, salansa tana ta rugugi dab da tagar ɗakin da mara lafiyar yake kwance. Hajiya matar Alhaji ta leƙo ta ce mu shigo, yana ta tambayarmu tun safe, ni ma ya ce yana son ganina. A nan na ga babu wata hanya. Na juya na fuskanci surukina, karo na farko tun da na auri 'yarsa, na yi masa magana kai tsaye.

"Baba, in na kashe motar nan ba za ta tashi ba sai ta huce, kuma ban san yaushe ba. In na bar ta a kunne za ta tafasa. Jirgin nan in ya wuce, wataƙila ba za su ƙara barinka ka shigo ba."

Ya saurare ni har na gama. Ya dubi tagar, ya dubi hannuwansa.

"Na ji ka, kuma na gode da ka faɗa," in ji shi. "Kashe ta. Wannan sallamar ba ta tsaye ba ce."

Na murɗa makulli, wurin ya yi tsit, har ana jin kukan tsuntsaye daga gonar maƙwabta.

Alhaji ya rame har na kusa kasa gane shi, ga bututun iska a hancinsa. Amma idonsa na nan yadda na san shi, da ya gan ni ma sai da ya tambayi jikin majinyaciya, ya ce tun daga kwalta ya ji zuwanta. Baba ya zauna a bakin gado ya riƙe hannunsa. Suka yi ta ambaton mutanen da ban sani ba, wane yana nan, wane ya riga mu, wane gidan an rushe an yi bene. Ni ina tsugune a gefe, zuciyata tana wurin agogo, ina jin haushin kaina da nake tunanin agogo a irin wannan wuri. Can sai Alhaji ya ce yana da sallahu, kuma yana son ni ma in ji don in zama shaida. Yana da ƙanwa a Kumasi wadda ya yi wa alƙawarin cewa a gida zai ƙare, kusa da iyayensu. Ya ce a gaya mata da baki, ba ta waya ba, cewa ba zai iya cika alƙawarin ba, a nan za a binne shi inda 'ya'yansa za su riƙa ziyara, ta yafe masa, ta daina gyara masa ɗaki. Baba ya ce zai isar, da kansa zai je har gidanta. Suka yafi juna, aka shafa fatiha. Babu wanda ya yi kuka a ɗakin, amma ni da na fito sai da na tsaya a baranda na goge fuskata.

Na shiga mota na murɗa makulli, ta ce ƙyas, shi ke nan. Na sake, haka. Na buɗe bonet don ta sha iska, zafi ya bugi fuskata, na san ba yanzu ba. Motar gidan kuwa, ɗan Alhaji ya tafi aiki da ita can wani gari. Na nemi motar haya ta waya, aka nuna tana nesa, daga baya ma direban ya fasa. Babbar 'yar Alhaji, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ruga gidan maƙwabta ta dawo ta ce ba kowa. Matata kuwa tana can ƙarshen gari, kafin ta zo ta koma jirgi ya tashi. Wayata tana ta ƙara a aljihu, na san ko wace ce. Na ɗauka na ce mata muna hanya, Allah ya yafe mini wannan.

Abin da ya rage shi ne turi, a haura da motar har kwalta, inda titin ya gangara zuwa wani ƙaramin rafi. Na ce 'yar Alhaji ta zauna a sitiyari ni in tura, ta amsa mini da Turanci cewa ba ta taɓa tuƙa mota mai giyar hannu ba. Baba kuwa ko keke bai cika hawa ba. Dole ni ne a kujera. Ina cikin tunanin yadda mace ɗaya za ta haura da mota, sai na ga surukina ya tuɓe babbar rigarsa, ya ninke ta, ya ɗora hularsa a kai, ya miƙa wa Hajiya. Ya rage daga shi sai 'yar shara da wando. Na ce masa don Allah ya bari, wannan ba zai yiwu ba. Ya ce in shiga, shi ya ce a kashe ta, shi zai tura.

Ban san yadda zan bayyana wa wanda bai tashi a cikinmu ba irin nauyin da na ji. Mutumin da ban iya shan ruwa a gabansa ba, ga shi a bayana, kafaɗarsa a jikin motata, ni ina zaune a kan kujerar fata ina riƙe da sitiyari. Muka juya kanta da ƙyar, ni da ƙafa ɗaya a waje ina taimakawa. Suka fara turawa, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin takalmansu. A tsakiyar hawan na hango shi ta madubi ya zame ya faɗi a kan gwiwa da tafin hannu. Na ja birkin hannu zan fito, ya ɗaga mini hannu cewa in zauna. Ya miƙe, ya karkaɗe, ya sake dafa ta. Ina jin muryarsa yana ce wa 'yar Alhaji kakra kakra, a hankali a hankali, kamar shi ne mai ƙarfin. Hajiya ma da ta ga haka sai ta rataya rigar a kafaɗa ta sa hannu.

Da tayoyin gaba suka taɓa kwalta na ji motar ta yi sauƙi. Na sa giya ta biyu, na take kulochi, na bar ta ta ɗauki gudu a gangaren, bakina yana ta bisimilla. Na saki. Ta yi tari, ta girgiza, ta yi kamar za ta mutu, sannan ta kama da wannan rugugin nata. Wallahi ban taɓa son ƙarar ba kamar ranar, kuma ban taɓa jin haushin motar ba kamar ranar. Na dawo da baya a hankali ina ba ta wuta. Baba ya shigo yana haki, zufa ta jiƙa masa 'yar shara, Hajiya ta jefa masa riga da hula a cinya ta ce mu tafi, Allah ya kai lafiya.

Babban titin da ya ratsa gari muka hau, a nan kuma 'yar Italiya ta nuna abin da aka ƙera ta dominsa. Ban yi gudun ganganci ba, amma duk inda na nemi ta wuce sai ta wuce, ba gardama, kamar ba ita ce ta ƙi tashi ɗazu ba. Baba ya naɗe tafinsa da hankici, jini ya ɗan fito ta jikin ƙyallen. Da numfashinsa ya daidaita sai na ji yana dariya, ƙasa-ƙasa, ya ce shekara da shekaru yana burin ya taɓa irin motar nan, yau kam ya taɓa ta har ya gaji. Na yi dariya ni ma, a gaban surukina, da baki buɗe. Daga nan har filin jirgi hira muka yi, ya tambaye ni aikina, ya tambayi yadda yaran Turawa suke da malamansu, na amsa masa kamar yadda mutum ke amsa wa babansa.

Mun tarar da matata a bakin ƙofar shiga, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da fasfo, idanunta sun yi ja. Ta riga ta roƙi matar da ke karɓar kaya ta ɗan dakata, har matar ta fara cewa ba za ta iya ƙara jira ba. Na sauke shi, na kai motar wurin ajiya na kashe ta, ko ta tashi ko kar ta tashi, na dawo da gudu. Na same su an karɓi kayan da ƙyar, shi ne na ƙarshe. Matata ta ga gwiwar wandonsa da hankicin da ke hannunsa, ta juyo ta dube ni. Kafin ta buɗe baki Baba ya riga ta.

"Wurin Alhaji muka je, ni na sa. Mijinki ya gaya mini gaskiya tun kafin, ni na zaɓa. Kar ki ce masa komai."

Ya sa mana albarka a gaggauce, ya shiga layin bincike da babbar rigarsa duk ta yamutse. Muka tsaya har ya ɓace mana, muka kuma zauna a wurin har allo ya nuna jirgin ya tashi. Sai a lokacin matata ta sa fuskarta a cikin mayafi ta yi kukan da ta riƙe tun rana. Motar kuwa, da na je na gwada ta, ta ƙi tashi, na bar ta a nan muka koma gida a babbar. A hanya matata ba ta yi faɗa ba, abin da ma ya fi ci mini rai ke nan. Ta ce kawai tana tsaye a ƙofar nan ba jirgi take tunani ba, tunaninta shi ne abin da za ta haifa zai tashi bai taɓa ganin kaka ko ɗaya ba.

Baba ya isar da sallahun, ya kira ya gaya mana, kuma a wayata ya kira. Alhaji ya rasu kafin sanyi ya shigo, muka binne shi a nan kamar yadda ya so. Da aka haifi 'yarmu Baba ya dawo, babu wanda ya tare shi a hanya, shi ya riƙe ta ranar suna. Washegari da safe ya ce a kai shi kabarin abokinsa. Matata ta tambaye shi da wace mota, tana harararmu mu biyu. Ya ce wadda take tashi.

Har yau 'yar Italiya tana nan a gangaren gidanmu, ina fita da ita ranar da ba wanda ke jirana. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, abin da kake so don daɗin ranka, in ka san halinsa, ka yi kasada da lokacinka kai kaɗai, kar ka ɗora masa ranar da makomar wani ta rataya a kai. Ta kuma koya mini cewa girmama babba ba ya nufin ka ɓoye masa haɗari don kunya. Ka gaya masa gaskiya yadda take, ka bar shi ya zaɓa da idonsa buɗe, ko da zaɓin nasa zai sa ka zauna kana kallo yana tura maka mota.